Masu Gudu da Labari a Moursal

Gabatarwa

A cikin littafin Sama'ila na biyu, sura 18, akwai labarin mutum biyu da suka yi gudu daga bakin daga zuwa wurin sarki Dawuda a Mahanayim. Na fari shi ne Ahimawaz ɗan Zadok firist, saurayi mai ƙafa, wanda ya yi ta roƙon Yowab a bar shi ya kai labari. Ya bi hanya mai sauƙi, ya riga ɗan'uwansa isa, ya ba da albishir na cin nasara. Amma da sarki ya tambaye shi lafiyar Absalom, sai ya kauce, ya ce hayaniya kawai ya gani. Na biyun mutumin Kush ne, ba a ko faɗi sunansa ba. Ya iso a baya, shi ne kuwa ya sanar da sarki abin da sarki ba ya son ji.

Wannan sharhi ya shafi masu gudu da labari na wannan zamani, wato matasan 'yan jarida da suke fara aiki a Injamena, babban birnin Chadi, musamman waɗanda suka taso ko suke aiki a unguwar Moursal da kewayenta. Za a duba inda suka fito, da yadda suke shiga aikin, da abin da suke kawowa, da abin da suke bari a hanya. Dalilin dubawar kuwa shi ne yawancinsu 'ya'yan Ekklisiya ne, kuma abin da yake samunsu yana kama da abin da yake samun takwarorinsu a Jos, da Kaduna, da Maraɗi.

Unguwa da tarihinta

Moursal tana cikin gunduma ta shida ta birnin Injamena, tare da unguwar Paris-Congo, ba nisa da Chagoua da kasuwar Dembé. An san ta da mutanen kudancin ƙasar: Sara, da Ngambay, da sauran kabilun da suke bakin kogin Shari da na Logone. Unguwa ce ta ma'aikatan gwamnati, da malaman makaranta, da ɗalibai, da majami'u, da kuma gidajen shaye-shaye. A nan ne Gidan 'Yan Jarida na Chadi yake, inda ake yawan kiran taron manema labarai, kuma jaridu masu zaman kansu da dama a wannan ɓangaren birni suka yi girma.

Hakan yana da asali. A zamanin mulkin Faransa, kudu ce aka tilasta wa noman auduga, a kudu kuma mishan-mishan suka fara kafa tashoshinsu a shekarun 1920. A cikinsu har da mishan ɗin SUM, wadda masu bi na Filato da Adamawa da Benuwai suka sani sarai. Inda aka kafa majami'a, a nan aka buɗe aji. A arewa kuwa iyaye da yawa sun ƙi makarantar Bature, sun riƙe ta allo, kamar yadda aka yi a ƙasar Hausa. Da aka sami mulkin kai ran 11 ga Agusta 1960, masu iya rubutu da Faransanci yawancinsu 'yan kudu ne, su ne kuma suka cika ofisoshi.

A watan Fabrairu 1979 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar birnin. Dubban 'yan kudu suka bar gidajensu, suka gudu garuruwansu ko suka haye kogi zuwa Kamaru. Daga 1982 zuwa 1990 Hissène Habré ya yi mulki da 'yan sandan ciki da ake kira DDS. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta cewa mutum 40,000 suka hallaka a zamaninsa, a 2016 kuma wata kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. A waɗannan shekaru ɗan jarida ma'aikacin gwamnati ne, abin da aka ba shi shi yake karantawa. Yaron da ya taso a Moursal bayan wannan ya taso ne a gidan da ake rage murya in za a ambaci gwamnati, da kuma gidan da ba a manta gudun 1979 ba. Duk mai son ya fahimci rubutunsa sai ya riƙe wannan a zuci.

Daga ina suka fito

A 1989 Saleh Kebzabo, Musulmi ɗan garin Léré wanda ya koyi aikin jarida a Faransa ya kuma yi aiki da mujallar Jeune Afrique, ya kafa N'Djaména Hebdo. A Disamba 1990 Idriss Déby ya kori Habré, ya shaida wa jama'a cewa bai zo da zinariya ko azurfa ba, 'yanci ya kawo. Bayan babban taron ƙasa na 1993 sai jaridu suka yi ta fitowa: Le Progrès mai kusanci da jam'iyya mai mulki, da Le Temps, da L'Observateur wadda wata mace, Sy Koumbo Singa Gali, ta kafa a 1997. Rediyo mai zaman kansa ya biyo baya. Dayosis ɗin Katolika na Doba ya buɗe La Voix du Paysan, wato Muryar Manomi. Zara Yacoub ta buɗe Dja FM a Injamena. A shekara ta 2000 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da na ƙwadago suka haɗu suka buɗe FM Liberté.

Ƙofa ta buɗe, amma ƙwararru kaɗan ne. A lokacin, mai son ya koyi aikin jarida sai ya fita waje, zuwa makarantar 'yan jarida ta Yawunde wadda aka buɗe a 1970, ko ta Dakar, ko Faransa, kuma yawancin waɗanda suka sami wannan dama gwamnati ce ta tura su, wurinta suka komo. Saboda haka sababbin jaridu suka cika da malaman makaranta, da waɗanda suka karanta shari'a ko tarihi ko adabi a jami'a suka rasa aiki, da waɗanda suka bar makarantar horon firistoci, da matasan da suka fara riƙe alƙalami a ƙungiyar matasa ta majami'a. Daga baya Jami'ar Injamena ta buɗe sashen koyar da aikin watsa labarai, makarantu masu zaman kansu ma suka shigo, ga kuma jaridun intanet irin su Tchadinfos da Alwihda Info da suka ɗebi matasa da yawa. Duk da haka hanyar shiga ba ta sake sosai ba.

Ga yadda take. Saurayi ko budurwa yakan zo neman koyon aiki na wata biyu ko uku. In an ga yana da hannu sai a bar shi ya zauna, sau da yawa ba takardar ɗaukar aiki, ba albashi tsayayye. A tura shi taro a wani otal a can tsakiyar gari, kuɗin babur daga aljihunsa. Bayan shekara uku ko huɗu, daidai lokacin da ya fara sanin gari da mutanensa, sai wata ƙungiyar agaji ko wata ma'aikata ta neme shi ya zama jami'in watsa labaranta, da albashin da jarida ba za ta iya biya ba. Ba mai ganin laifinsa, gama yana da iyaye da ƙanne. Amma ɗakin labarai ya zama kamar zaure, wurin da ake ratsawa a shiga gida. Kowace shekara sabon yaro ne yake yi wa minista tambaya, ministan kuwa ya san yaron bai ji alkawarin da ya yi bara ba.

Abin da ya cancanci yabo

Kafin a taɓa laifi, wajibi ne a faɗi alheri. Abu na fari shi ne ƙarfin hali. A 2005 an ɗaure Sy Koumbo Singa Gali da Michaël Didama na Le Temps saboda abin da jaridunsu suka buga, sai kotun ɗaukaka ƙara ce ta sake su. A Fabrairu 2008, bayan 'yan tawaye sun kai yaƙi har ƙofar fadar shugaban ƙasa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci da tace labarai, ta ƙara tsananta hukunci a kan 'yan jarida. Jaridu masu zaman kansu suka dakatar da fitowa, daga baya suka haɗa hannu suka buga jarida guda tare don su nuna ƙin yardarsu. A 2012 an yanke wa Jean-Claude Nékim na N'Djaména Bi-Hebdo ɗaurin shekara guda na jeka-ka-gyara-halinka, aka rufe jaridar wata uku, don ya buga takardar koken ƙungiyar ƙwadago. Matashin da ya ga an yi wa manyansa haka, ya kuma komo aiki washegari da littafinsa da biro, ya cancanci a girmama shi.

Abu na biyu shi ne sun kai labari inda da ba ya zuwa. Gidajen rediyon Ekklisiya, irin su Lotiko a Sarh da Duji Lokar a Moundou, suna magana da harsunan mutane, suna kuma dogara ga wakilan ƙauye. Da aka fara haƙar mai a yankin Doba a 2003, aka shimfiɗa bututu zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, irin waɗannan gidaje da jaridu ne suka riƙa kawo kukan manoman da aka karɓi gonakinsu. A Oktoba 2022, sa'ad da Shari da Logone suka cika suka malale unguwar Walia, matasa ne da wayoyin hannu suka shiga kwalekwale suka nuna wa duniya halin da ake ciki.

Akwai kuma mujallar Tchad et Culture, wadda take fitowa tun shekarun 1960 a ƙarƙashin kulawar fada-fada na ƙungiyar Jesuit, cibiyar CEFOD ce kuma take buga ta. Halinta shi ne ta ɗauki batu guda, ko shari'ar filaye, ko makarantu, ko kuɗin mai, ta bi shi a hankali da hujjoji. Ta nuna cewa aikin haƙuri mai yiwuwa ne a Injamena, in an ba ɗan jarida lokaci da abin sawa a baki.

Laifi na fari: labarin taro

Wanda ya saba karanta jaridun birnin zai ga wani irin rahoto da yake maimaituwa. An buɗe taron bita a otal kaza. Wane da wane sun halarta. Sakataren ma'aikata ya yi jawabi, wakilin masu ba da taimako ya yi jawabi, an yi kira ga jama'a, an rufe taro. Rahoton yakan fito da Faransanci mai tsabta, ba kuskuren suna ko na muƙami. Abin da babu a ciki shi ne tambaya. Nawa aka kashe? Shawarwarin taron bara fa, ina suka kwana? Wace mace a kasuwar Dembé ce za ta ga canji saboda wannan taro?

Dalilin yawan irin wannan rahoto ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen taro akan miƙa wa 'yan jarida ɗan abin da ake cewa kuɗin mota. A Chadi da Kamaru sunansa gombo, wato kuɓewa, sunan kuwa ya dace, gama miyar kuɓewa ce take sa tuwo ya wuce ba wahala. A Nijeriya ambulan ne, ko na goro. Yaron da ba shi da albashi, kuɓewar nan ce abincinsa, don haka yakan zaɓi taron da za a ba da ita, ya bar unguwar da bututun ruwa ya fashe. In baki ya ci, ido yakan ji kunya. Littafin Fitowa sura 23 ya yi kashedi cewa toshiyar baki takan makantar da mai gani, a surar nan kuma aka hana baza labarin ƙarya. Amma Littafi Mai Tsarki dai ya hana a riƙe ladan ma'aikaci har gari ya waye. Mai gidan jaridar da ya tura yaro aiki hannu wofi yana da rabo a cikin kowace kuɓewar da yaron ya karɓa, mai shirya taron da ya miƙa ta shi ma haka.

Laifi na biyu: ra'ayi a rigar labari

Wani irin rubutun kuma kishiyar wancan ne. Kanun labari yakan fito da manyan baƙaƙe yana zargin wani babba da cin kuɗi ko cin amana. In an buɗe ciki sai a tarar da majiya mai tushe wadda ba ta da suna, da tambayoyin da marubucin ya yi wa kansa ya amsa wa kansa, da zafafan kalmomi. Ba takarda, ba adadi, ba a kuma nemi wanda ake zargi an ji ta bakinsa ba. Sau da yawa zargin yana da ƙamshin gaskiya, gama ƙasar ba ta rasa masu cin dukiyar jama'a ba. Amma zargin da ba a kafa shi da hujja ba kyauta ce ga wanda ake zargi. Yakan kai ƙara kotu ya ci, jama'a kuma su koyi cewa maganar jarida da hirar gidan giya duk ɗaya ne.

Wannan hali yana da tushe a inda matasan suka fito. Makarantar Faransa tana koya wa ɗalibi ya rubuta muhawara mai daɗin karatu, ba ta cika koya masa ya je ya ƙirga buhunan da suke cikin sito ba. Jaridun farko kuma an haife su cikin gwagwarmaya, inda jarumi shi ne wanda ya fi kowa faɗa wa gwamnati baƙar magana. Ga hukumomi da ba sa son ba da bayani, ga rashin kuɗin tafiya. Rubuta ra'ayi ba ya bukatar kuɗin babur. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, amma ba su wanke kowa ba. Luka, a farkon Bishararsa, ya bayyana wa Tiyofalas yadda ya yi aikinsa: ya nemi waɗanda suka gani da idonsu, ya bi diddigin kome tun daga farko, sa'an nan ya rubuta bi da bi, domin mai karatu ya tabbata. Ɗan jarida mai bi ba ya bukatar a kawo masa wannan ƙa'ida daga wata ƙasa, tana cikin Littafin da yake ɗauka zuwa sujada.

Laifi na uku: rabin gari

Laifin da ya fi nauyi shi ne wanda mai yinsa ba ya gani. Harsunan hukuma a Chadi biyu ne, Faransanci da Larabci, harshen kasuwa da titi a Injamena kuwa Larabcin Chadi ne. Manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Jaridar Faransanci da ake bugawa 'yan dubbai kaɗan, ana sayarwa a mahaɗar tituna, tana magana ne da ƙaramin rukuni na masu ilimin boko, yawancinsu maƙwabtan marubucin. Jaridun Larabci su ma suna magana da nasu mutanen. Birni guda, amma kowane ɓangare yana karanta labarin kansa. Hausawan da suka zauna a garin tun zamanin da ake ratsa shi a ƙasa zuwa Makka, da 'yan kasuwa, da masunta, da makiyayan da suke bayan gari, ba su cika fitowa a shafin jaridar Moursal ba sai in an yi rikici.

A wurin rikicin ne haɗarin yake. Faɗan manoma da makiyaya ya yi yawa a kudancin Chadi. Sanadinsa ya haɗa da ƙarancin ruwa da makiyaya a arewa, da toshe burtali, da shanun manyan sojoji da 'yan siyasa da ake ba makiyaya masu bindiga su kiwata, da alƙalai da hakimai da suke karɓa hannu biyu. Matashin da aka kashe danginsa a ƙauye, in ya zauna rubutu, abu mai sauƙi ne ya taƙaita wannan duka ya ce Musulmi sun kashe Kirista. Ta haka yakan ɓoye mai shanun na ainihi, ya kuma jawo wa mai shago Musulmi da yake maƙwabtaka da shi bala'i. Mai karatu na Jos ko Kafanchan ko Zangon Kataf ba ya bukatar a bayyana masa yadda kalma guda a bakin mai ba da labari take iya cinna wa unguwa wuta. Gaskiya ba ta bukatar a rage yawan matattu ko a ɓoye wanda ya yi kisa. Tana bukatar a haye zuwa ɗaya gefen gari a ji, a kuma ambaci mai laifi da sunansa, ba da sunan addininsa ko kabilarsa ba.

Maganin da gwamnati ta kawo

A 2018 aka kafa sabuwar hukumar kula da kafofin watsa labarai mai suna HAMA, aka kuma yi dokar da ta ce dole shugaban jarida da babban editanta su kasance sun yi karatun aikin jarida na aƙalla shekara uku bayan sakandare. A Satumba 2020 hukumar ta dakatar da jaridu 12 na wata uku saboda ba su cika wannan sharaɗi ba. Masu goyon bayan dokar sun ce aikin ya cika da 'yan ci-da-ceto, kuma likita ma ba a barinsa ya yi aiki sai da takarda.

Akwai gaskiya a kukan, amma maganin bai dace da ciwon ba. Digiri ba ya hana yunwa, kuma mai digiri ma yana karɓar kuɓewa. Abubakar Imam, wanda ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Zariya a 1939, malamin makaranta ne, a bakin aiki ya koyi jarida. Da irin wannan doka ta hau kansa, da an yi hasara. Banda haka, dokar da ta ba hukuma ikon cewa wane ya isa ya buga jarida, wane bai isa ba, sanda ce a hannun mai mulki, an kuma ɗaga ta ana saura 'yan watanni a yi zaɓen Afrilu 2021. A ƙarshen Nuwamba 2020 kuma 'yan sanda suka kutsa harabar FM Liberté suna neman masu shirya wani taron 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula, suka kwashi mutane da yawa, a cikinsu har da 'yan jaridan da suka zo karɓar horo. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka yi yinin shiru don nuna fushinsu. Hukumar da take cewa a je a koyo, ga masu koyo an zuba su a mota. Horo wajibi ne, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawa kuwa shi ne tsohon edita da yake zama kusa da yaro yana mayar masa da rubutunsa har sai ya kawo hujja.

Waɗanda suka biya da ransu

Ran 9 ga Fabrairu 2022 aka kai hari ƙauyen Sandana a jihar Moyen-Chari, aka kashe mutum fiye da goma. A cikinsu akwai Evariste Djailoramdji, wakilin Rediyo Lotiko, wanda yake aika wa gidan rediyon labarin abin da yake faruwa. Wakilin ƙauye ne, irin waɗanda ba a jin sunansu a babban birni.

Ran 20 ga Oktoba na wannan shekara matasa suka fito a Moursal, da Chagoua, da Walia, da garuruwan kudu kamar Moundou, suna ƙin ƙarin wa'adin mulkin riƙon ƙwarya na Mahamat Idriss Déby, wanda ya gaji mahaifinsa a Afrilu 2021. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Da safiyar ranar aka harbe Orédjé Narcisse, matashin ɗan jarida da yake aiki da CEFOD, wanda a da ya yi aiki da Tchadinfos, kusa da gidansa a Chagoua. Da maraice firayim minista ya sanar cewa mutum wajen 50 sun mutu, ya kafa dokar hana fita. Daga baya hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙirga 128, an kuma kwashi ɗaruruwa zuwa kurkukun Koro Toro a cikin hamada. Firayim ministan da ya yi sanarwar shi ne Saleh Kebzabo, wanda ya kafa N'Djaména Hebdo shekara 33 kafin wannan rana, an naɗa shi mako guda kafin abin ya auku. Hanyar da take fita daga ɗakin labarai zuwa ofishin gwamnati tana da tsawo, ga inda ta kai wanda ya fara buɗe ƙofar.

Nijeriya ma tana da nata. Bagauda Kaltho, ɗan ƙasar Tangale, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a zamanin Janar Abacha. Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels an harbe shi a Kano ran 20 ga Janairu 2012 yana bakin aiki. Duk wanda zai soki aikin matasan nan, sai ya tuna cewa sana'ar da ba ta biyansu albashi tana iya karɓar ransu.

Kammalawa

Ekklisiya ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Jarida ta fari a ƙasar da ta zama Nijeriya, Iwe Irohin, ɗan mishan Henry Townsend ne ya fara buga ta a Abeokuta a 1859, a Chadi kuma gidajen rediyo da yawa na Ekklisiya ne. Saboda haka sukar da aka yi a sama tana komowa gida. Majami'ar da take da rediyo ko mujalla, tana kuma sa matasa aiki da sunan hidimar Ubangiji ba tare da lada ba, ita ce take tura su layin kuɓewa. Shugaban Ekklisiya da yake miƙa ambulan bayan babban taro don a yabe shi, ko yake fushi in an tambayi yadda aka kashe baiko, ba shi da bakin da zai yi wa gwamnati wa'azi a kan 'yancin jarida. Abin da ya kamata a yi a bayyane yake: a biya ma'aikaci, a ba shi takardar aiki, a riƙe tsofaffin editoci su yi renon sababbi, a koya wa matasa Larabci da harsunan maƙwabtansu, a tura su ɗaya gefen gari, a kuma buɗe wa 'yan mata ƙofa, gama akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ya ji labari ba.

Sa'ad da mai tsaro a kan garu ya hango mai gudu na fari, ya gane shi ta wurin gudunsa, sarki kuma ya shaida cewa Ahimawaz mutumin kirki ne. Ba wanda ya yi musun kirkinsa ko saurinsa. Amma da ya gama magana, sai sarki ya sa shi ya tsaya gefe guda, aka jira wanda yake tafe da sauran labarin. Matasan Moursal suna da ƙafa, suna da zuciya, waɗansunsu sun riga sun ba da ransu. Abin da ya rage shi ne iyayensu, da shugabanninsu, da masu karanta su, su taimake su su iso da labarin duka.